Zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Bauchi: don Allah ku duba lamarin masu kula da namun daji

Mai girma Kakakin Majalisa da sauran 'yan majalisa masu girma, musamman wakilanmu na Alkaleri da Ganjuwa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shekara 11 na yi ina aikin kula da namun daji a wani gidan zu mai zaman kansa da ke wajen jihar nan, na fara daga share keji da wanke kwatamin ruwa har ta kai ni ke riƙe da makullin ɓangaren zaki da kuraye, yanzu na dawo gida ina noma da ɗan kiwon awaki. Maganar nan ta daɗe tana cina a rai, tun watan Satumban 2024 da labari ya zo cewa zaki ya kashe mai kula da shi a gidan namun daji na ɗakin karatun tsohon shugaban ƙasa Obasanjo a Abeokuta. Mutumin nan ɗan jihar Bauchi ne, shekararsa 35. Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, amma wallahi daren da na ji labarin ban runtsa ba, sabida na san ƙarar da sakata ke yi in ta shiga daidai, na kuma san wadda take yi in ba ta gama shiga ba, kuma bambancin ɗan kaɗan ne, wanda ya gaji ko yunwa ke cinsa ko aka tsaya mishi a kai ana cewa yi sauri baƙi na jira, ba lallai kunnensa ya kama ba.

Bayanin da aka fitar a lokacin shi ne ya bar ƙofar kariya a buɗe sanda yake ba zakin abinci, daga nan kowa ya riƙe kalma ɗaya, sakaci. Aka harbe zakin, bayan kwana biyu uku mutanen Facebook suka koma wani zancen. Allah Ya jiƙansa Ya ba iyalansa haƙuri. Ni ba na wurin, don haka ba zan wanke kowa ba, ba zan kuma ɗora wa kowa laifi ba. Abin da nake so ku ji daga bakin wanda ya yi aikin shi ne, a sana'ar nan ba a dogara da cewa ma'aikaci ba zai taɓa mantuwa ba, ɗan Adam ne, wata rana sai ya manta. Wurin ake ginawa yadda ko ya manta ɗin akwai abin da zai tare mishi.

Kejin zaki na gaskiya ɗaki biyu ne, ɗakin kwana da filin shan iska, a tsakaninsu akwai ƙofar ƙarfe mai zamewa da ake ja daga waje. In za ka share fili sai ka ja dabbar zuwa ɗakin kwana da nama, ka sauke ƙofar, ka danna kwaɗo, sannan ka shiga, in ɗakin za ka wanke kuma sai ka yi akasin haka. Kai da zaki ba ku taɓa haɗuwa a wuri ɗaya ba tare da ƙarfe a tsakaninku ba, ko da kai ka ba shi madara a kwalba yana jariri. Hanyar shigar ma'aikaci ita ma ƙofa biyu ce, ba ka buɗe ta ciki sai ka kulle ta waje a bayanka. Sannan mutum biyu ake sawa, ɗaya ya kulle ɗayan ya zo ya ja kwaɗon da hannunsa ya tabbatar, ya ƙirga dabbobin da idonsa ya faɗa da ƙarfi, biyu suna ciki, kafin a taka ƙafa. Duka wannan aikin mai walda ne na sati ɗaya da albashin ƙarin mutum ɗaya, bai kai kuɗin fentin ƙofar shiga da ake sabuntawa duk Sallah ba.

Kuma ɗan'uwanmu na Abeokuta ba shi kaɗai ba ne. A watan Fabrairun shekarar dai ta 2024 zaki ya kashe ma'aikacin gidan zu na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, mutumin da ya kula da zakunan tun haihuwarsu, kusan shekara 9 yana tare da su. A 2018 haka ta faru a wurin shaƙatawa na Gamji a Kaduna. A Disamban 2015 zaki ya fita daga kejinsa a gidan namun daji na Jos, ƙarshe harbe shi aka yi, a Oktoban 2019 kuma na gidan zu na Kano ya fita, mutanen unguwannin kusa suka kwana cikin fargaba kafin a samu a mayar da shi. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe.

Wanda ya koya min aiki wani dattijo ne mutumin wajen Duguri, duk muna ce mishi Baba. Kullum in ya ga na fara sakin jiki gaban keji sai ya ce, yaro, kai ne ka saba da ita, ita ba ta saba da kai ba. Akwai wata kura mace a hannunsa, babba ce ƙwarai, don a jinsin kura mai dabbare-dabbare macen ta fi namijin girma kuma ita ke mulki, in ka zuba nama namijin ba ya matsowa sai ta ƙoshi. Ƙashin cinyar sa take fasawa kaman mai cin rake, shi ya sa kashinta in ya bushe fari fat yake zama kaman alli. Wata damina wayar ƙarfen da ake jan ƙofar tsakani da ita ta yi tsatsa ta tsinke, muka kai kuka ofis, aka ce mu lallaɓa da igiya tukunna, muka ɗaura igiyar rijiya. Wata uku muna tuni. Ran nan da safe an kwana ana ruwa, ƙofar ta cije a tsakiya, saura kaman tafin hannu ta sauka, igiya kuma ba ta turawa sai dai ja, Baba ya zura hannu ta tsakanin ƙarafa don ya danna ta ƙasa. Ina tsaye da baro ban fi taku uku da shi ba. Ban ga tahowar kurar ba wallahi, ƙara kawai na ji, ƙas, sai ga Baba ya zauna a cikin taɓo yana riƙe da hannu yana salati, yatsa biyu babu. Da rigata na ɗaure mishi, a kan mashin ɗin mai kawo mana ciyawa muka kai shi asibiti sabida motar wurin an fita da ita cefanen gidan maigida.

An biya kuɗin ɗinkin ranar farko. Sauran magani da wankin ciwo mu muka yi karo-karo a tsakaninmu. Da ya dawo bayan wata biyu aka ce ba zai iya riƙe shebur da kyau ba, aka mayar da shi gadin ƙofa da rabin albashi, mutumin da in ya kalli yadda zaki ya kwanta zai gaya maka haƙori ne ke damunsa ko ciki. Wayar ƙarfen kuwa a satin da abin ya faru aka sayo.

Za ku ce to me ya haɗa Majalisar Bauchi da abin da ya faru a wata jiha. Yaranku ne ke wannan aikin, ranku ya daɗe. A wuraren da na zaga da waɗanda abokai ke aiki, in ka je ɓangaren dabbobi masu haɗari da wuya ka rasa mutumin arewa, kuma sau da yawa daga ƙauyukanmu na gefen daji, 'ya'yan mafarauta da jikokin gardawa. Yadda ake ɗaukarsu ma abin dubawa ne. Ba a tambayarka me ka sani a kan dabba, tambayar ita ce kana da tsoro? In ka ce babu shi kenan ka samu aiki. Wasu masu wuraren ma sun yarda a ransu cewa duk ɗan Bauchi ko Bahaushe da ya zo yana da asirin da zaki ba zai taɓa shi ba, sabida sun saba ganin masu wasa da kura a kasuwa da layu da ƙararrawa, sai su ga ba su da buƙatar kashe kuɗi a kan ƙofa ta biyu tunda ga mai magani. Su kuma yaranmu kunya da neman abinci ba sa barinsu su ce a'a, har wani ya shiga keji ya shafa kan zaki don baƙi su ɗauki hoto su ba shi na goro. Ita kurar gardi ai da takunkumi a bakinta da sarƙa, da mutum biyu uku riƙe da sanduna. Hausawa na cewa kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, a gidan zu na yanzu kura da mai kula da ita duka su ke shan wahalar, kuɗin ƙofa wani wuri yake tafiya.

Mutane na ɗauka aikin namu jefa nama ne da kwashe kashi, shi ya sa a takarda lebura ake rubuta mu. Zaki babba yana buƙatar nama kilo 5 zuwa 7 a rana, kuma in tsoka zalla kake ba shi babu ƙashi babu hanta babu fata, musamman ɗan ƙarami mai tasowa, ƙafafunsa za su lanƙwashe ya kasa tafiya, sabida a daji gaba ɗaya yake cin abin da ya kama. Ni nake zuwa kwata da asuba, ni zan duba huhun saniya in ga ko akwai ƙurajen tarin fuka, don zaki na ɗauka daga nama, mushen da ba a san me ya kashe shi ba kuwa ko kyauta ne ba ma karɓa. Abu na farko da mai kula da dabba ke dubawa da safe kashi ne, launinsa, taurinsa, ko da tsutsa ko da jini, sannan ruwan da ya rage a kwatami, sannan yadda dabbar ta tashi ta taka. Naman daji ɓoye ciwo yake yi, haka Allah Ya halicce shi don kada abokan gaba su gane rauninsa, ranar da baƙo zai iya ganin barewa ba ta da lafiya to ta kusa mutuwa ke nan. Likita in ya zo sau ɗaya a wata, idon wanda ke tare da dabbar kullum yake aro.

Sai kuma ranakun Sallah, da su ne ranakun samun kuɗi, mu kuma ranakun tashin hankali. Jama'a dubbai, ma'aikata ba mu kai 15 ba. Yara na jifan kada da dutse wai sai ya motsa, samari na tsokanar zaki da kara, wani ya zuba yaji a cikin biredi ya miƙa wa gwaggon biri ana dariya, uwa ta ɗaga jaririnta ta jingina da wayar kejin biri don a yi hoto. Muna da wata jimina da ta yi shekara 6 a hannunmu, bayan wata ƙaramar Sallah ta daina cin abinci, ta riƙa tsayawa a lungu wuya a sake, kwana tara ta mutu. Da likita ya farke ta ina riƙe da fitila, abin da muka ciro daga cikinta ya cika bokitin fenti: ledar fiya wata a dunƙule kaman ƙwallo, murfin kwalbar lemo, batirin tocila, cokalin roba, har da makullin mashin. Jimina duk abin da ke ƙyalli haɗiyewa take yi, kowa a sana'ar ya sani, maganin abin shi ne shinge na biyu da zai nisanta mutane da keji da taku biyu, da hana shiga da leda. Mun faɗa kafin ta mutu, mun faɗa bayan ta mutu.

Har kifi mun kula da su, akwai wani ɗaki da aka jera akwatunan gilashi da kifaye masu launi na ƙasashen waje. Duk mai kiwon tarwaɗa a Bauchi ko Dadin Kowa zai gane abin da zan faɗa, sai dai tarwaɗa tana da juriya tana iya shaƙar iska a sama, waɗannan ba su iyawa. Ɗan injin da ke hura musu iska da mai tace ruwa in suka tsaya, kashinsu da ragowar abinci ya zama guba a ruwan cikin sa'o'i. Dare ɗaya aka ɗauke wuta babu mai a janareto, muka kwana ni da wani yaro muna ɗiban ruwan da kofi muna tsiyayawa daga sama don iska ta shiga, da gari ya waye fiye da rabi sun juya ciki sama.

Ga cututtuka. Tarin fuka tsakaninmu da birai yana tafiya ta kowane ɓangare, mu ba su su ba mu. Ciwon haukan kare akwai allurar rigakafinsa da ya kamata a yi wa duk mai taɓa namun daji tun kafin ya fara aiki, ni a shekara 11 ban ga wanda aka yi wa ba a wurinmu, haka ta tetanos. Rumbun abincin dabbobi kuwa gidan ɓera ne, kuma ku kun fi ni sanin yadda zazzaɓin Lassa ke damun jihar nan duk rani. Mai kula da macizai irin su kasa da gamsheƙa da kububuwa ya kamata a ce maganin dafi na cikin firij a wurin aikinsa, ko a ƙalla an san asibitin da ke da shi da motar da za ta kai mutum. Mu nan Allah Ya taimake mu da asibitin masu saran maciji na Kaltungo a maƙwabciyarmu Gombe, amma kububuwa in ta sari mutum jininsa ya daina daskarewa, kowace awa da aka ɓata ana neman kuɗin mota tana da tsada.

Maganar bindigar allurar barci ita ma a gyara fahimta. Duk sanda dabba ta kuɓuce aka harbe ta sai ka ji ana zagin ma'aikata wai me ya sa ba su sa ta barci ba. Allurar ba nan take take kwantar da zaki ba, sai ya yi mintuna yana tafiya kuma a fusace, sannan sai wanda ya san nauyin dabbar da adadin maganin. Wanda ake amfani da shi wa giwa da raƙumin dawa, da ake kira M99, ɗigonsa kaɗan in ya shiga jikin mutum yana tsayar da numfashi, dole makarinsa na hannun wani a tsaye a gefe. Ba kowane likitan dabbobi ne ya koyi wannan ba, wanda ya ƙware a shanu da kaji daban, na namun daji daban. Jihar da ke da dajin Yankari da gandun namun daji na Sumu bai kamata a ce tana da ƙarancin irin waɗannan likitocin ba ko na rana ɗaya, kuma ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom nan kusa da mu a Filato, ga jami'o'in da ke koyar da likitancin dabbobi a Zariya da Maiduguri.

Ranku ya daɗe, babu jihar da wannan magana ta fi kamata ta fara fitowa daga gare ta kaman Bauchi. Yankari tun 1956 aka keɓe ta, aka buɗe wa jama'a a 1962, ta zama ta tarayya a 1991, ta dawo hannun jiha a 2006. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ga kogin Gaji ga ruwan Wikki mai ɗumi da ba ya canzawa rani da damina. Garken giwayenta na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu kusan 350, daga baya masu neman haure suka yi musu ɓarna har ƙiyasi ya koma tsakanin 100 zuwa 150, kuma giwa wata 22 take ɗaukar ciki, ba akuya ba ce da za ta mayar da garke cikin shekara biyu. Zaki kuwa Yankari da Kainji ne wurare biyu da aka sani ya rage a dajin ƙasar nan gaba ɗaya. Tun 2014 da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga yarjejeniya da gwamnatin jiha aka ga canji a sintiri, aka sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke, aka ɗauki mutanen ƙauyuka suna ba da labari in garke ya doshi gonaki, kashe giwa ya ja baya sosai. Masu gadin dajin nan kwanaki suke yi a ƙafa cikin tsando da kaska da macizai, suna arangama da mafarauta masu bindiga, kuma an sha rasa rayukansu a bakin aiki. Abin da ya canza ba wani sihiri ba ne, horo aka ba su da kayan aiki da abincin sintiri da alawus a kan lokaci. Mun gani da idonmu a cikin jiharmu cewa in aka riƙe ma'aikaci da kyau dabba na rayuwa.

Haka Sumu a Ganjuwa. A 2006 zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu ƙasar Namibiya ta ba jihar Bauchi kyautar dabbobi 279, ciki har da raƙuman dawa 10 da jakunan dawa 53 da nau'o'in barewa da gwanki irin na can kudancin Afirka. Ku yi tunanin hannun da irin wannan kyauta ke buƙata. Dabbobi ne na ƙasa busasshiya da lokacin sanyinta ke faɗowa a daminarmu, an kawo su inda ciyawa daban kaska daban. Raƙumin dawa ba ciyawar ƙasa ce abincinsa ba, ganyen itatuwa masu ƙaya yake bi irin su bagaruwa da gawo, wata 15 yake ɗaukar ciki, a tsaye uwar ke haihuwa ɗan ya faɗo daga sama, kuma in an sa shi barci ba a barinsa ya daɗe a kwance, sai an tallafe kansa. Jakin dawa da barewa in aka kore su da mota don a kama, ko sun tsira a ranar, wahalar gudun kaɗai tana lalata musu tsoka su mutu bayan kwana biyu. Wanda ya san waɗannan abubuwa kuma yake aiki da su kullum ba lebura ba ne, mai sana'a ne kaman nas ko makanike.

Toh ga abin da nake roƙo. Babba a ciki shi ne doka a kan masu ajiye namun daji a gida da gona da otal da wuraren wasan yara, don abin yana ƙaruwa, mai kuɗi in ya gama gini sai ya ce saura jimina da kada da barewa, wani har kura ko ɗan zaki, a tsakiyar unguwa katanga ɗaya da makarantar allo. Akwai dokar tarayya ta 1985 da ta shafi kamawa da cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, amma maganar yaya keji zai kasance, wa ke kula da shi, me za a yi in dabba ta fita, wannan ku ne za ku iya tsara mana a jiha. Kada a ba kowa lasisi sai an je an ga ƙofa biyu da shinge na biyu da ido, an ga takardar likitan da ke duba wurin, an ga ma'aikaci fiye da ɗaya a kan duk dabba mai kisa. A riƙa komawa duk shekara ba tare da sanarwa ba. A haramta shiga keji ɗaya da zaki ko kura ko damisa don nishaɗin baƙi, a rubuta cewa in an kama mai wurin ne zai amsa, don yaron da ke karɓar albashi ba shi da bakin ƙin umarni. Kuma a tambayi mai neman lasisi tun farko, in ka mutu ko kuɗi ya ƙare ina dabbobin za su? Na taɓa zuwa wani gida da maigidan ya rasu magada suna rigimar gado, muka tarar da barewa huɗu sun ci bawon itacen da ke kejin har iya inda bakinsu ya kai, biyu ba su iya tashi. Dukanmu mun san hadisin matar da ta shiga wuta sabida kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba.

Sai horo. Akwai kwalejin tarayya ta koyon kula da namun daji a New Bussa a jihar Neja, me zai hana jiha ta riƙa ɗaukar nauyin yara daga ƙauyukan gefen Yankari da dajin Lame-Burra duk shekara su je can, a kuma buɗe gajeren kwas na wata uku ko shida a kwalejin aikin gona tamu ta Bauchi, a riƙa kai ɗalibai Sumu da Yankari suna gani da ido. A yi shi da Hausa don Allah, sabida yawancin masu aikin ba su yi boko mai nisa ba. Irin su Baba kuma da ba su da ko takardar firamare amma suna da shekara 30 a gaban keji, a gwada su da baki da aiki a ba su shaida, a sa su cikin masu koyarwa tun suna raye. Ɗan Bauchi in ya tafi Legas ko Abeokuta ko Fatakwal da takarda a hannu zai iya kallon manaja ya ce ƙa'ida ta hana ni shiga, kuma a saurare shi.

Na ƙarshe shi ne haƙƙi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata na tarayya, NSITF, don ranar rauni ko mutuwa, mu ko sunanta ba mu taɓa ji ba sai bayan na bar aiki. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, irin inda na yi aiki ke nan. Ku sa a sharaɗin lasisi cewa duk mai kula da dabba mai haɗari sai da takardar ɗaukar aiki da inshorar rai da ta rauni da alawus na haɗari, da rigakafi da takalmin ruwa da safar hannu, ba na wucin gadi da za a sallama da baki ba. Masu wannan aiki a ƙarƙashin gwamnati ma ku duba kasafinsu da idon rahama, ku tabbatar iyalan duk wanda ya faɗi a daji sun samu haƙƙinsu ba sai sun yi shekara suna zarya a sakatariya ba.

In kwamitinku zai zauna a kan wannan, ina roƙon ku kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma ban da daraktoci da masana ku aika a ɗauko masu riƙe da makulli da masu sintiri su yi magana da bakinsu, a ba su tabbacin ba za a kore su ba don sun faɗi gaskiya. Ranar 31 ga Yuli ita ce ranar masu gadin daji ta duniya, da za ku sa zaman a ranar da ya yi kyau. Ni a shirye nake in zo da kuɗin motata, kuma zan biya ta ƙauye in taho da Baba in jikinsa ya yarda, don yanzu idonsa ya yi rauni, jikarsa ce ke jan sa zuwa masallaci.

Allah Ya yi muku jagora, Ya kare mana 'yan'uwanmu da ke wannan aiki a duk inda suke.

Naku,
Tsohon mai kula da namun daji, daga ƙaramar hukumar Alkaleri.